Kotwal Odawji da Kurkukun Albasa

A duk ƙasar Kathiawar, inda masarautu suka yi yawa har mutum kan yi atishawa a wata a ce masa sannu daga wata, babu wadda ta kai Pilasar ƙanƙanta da ji da kai. Ƙauyuka uku da rabi gare ta. Rabin kuwa wani ƙauye ne da kakan kakan sarkinta, Thakur Kalubha, ya tasar wa da yaƙi, ya ci har tsakiyar gari, sai ruwan shuka ya sauka, mayaƙan ɓangarorin biyu suka watse zuwa gona. Ba a sake komawa ta kan zancen ba har yau.

Da Turawa suka zo suka jera masarautu aji-aji, Pilasar ta faɗa aji na shida. Takardar da aka ba ta ta ce Thakur yana da ikon ɗaure mai laifi har wata uku, abin da ya wuce haka sai a kai bariki. Wata ukun nan shi ne sarautar gaba ɗaya. In ka cire shi, Thakur Kalubha, wanda kowa ke kira Bapu, ya zama wani tsohon manomi mai babban rawani da son barcin rana.

Mai riƙe da makullan kurkukun shi ne Kotwal Odawji, shugaban dogaran masarauta, su biyu, ɗaya ma kurma ne. Gadon ubansa ya ci, ubansa kuma na kakansa. Makullai bakwai ne a zobe ɗaya, ko da yake ƙofar kurkukun ɗaya ce tal, kuma ba ya taka ko'ina sai da su a ƙugu suna kacau-kacau. In ya zauna a bakin rijiyar kasuwa yana murza gashin baki, sai ya ce shekara goma sha ɗaya rabon da a ɗaure wani a Pilasar, don ɓarayi in suka ji sunansa daga nesa sukan canza sana'a. Gaskiyar magana kuwa kowa ya san ta. In an yi rigima, ko akuya ta shiga gonar wani, dattawa biyar ke zama a gindin ceɗiya su yanke wa mai laifi mudun geron da zai zuba wa tantabarun gari, shi ke nan an wuce wurin. Tantabarun Pilasar sun yi ƙiba har da ƙyar suke tashi, kurkuku kuwa albasar fada ake ajiyewa a ciki.

Ana nan sai ga takarda daga bariki. Wani sabon Bature, Kolbi Saheb, mutumin da ya fi son cika takarda da cin abinci, ya duba rahoton shekara-shekara na Pilasar, ya ga gurbin fursunoni shekara goma sha ɗaya ana rubuta masa "babu". Ya ce ikon da ba a amfani da shi ba a bukatarsa. Zai zo nan da mako uku ya gani da idonsa. In kurkukun haka yake, za a ɗauke shari'ar Pilasar a mayar bariki, a karɓi makullai.

Da aka karanta takardar a fada, Bapu ya buɗe ido ɗaya ya dubi Odawji. Odawji ya ga ta kansa, don in babu kurkuku babu Kotwal, in babu Kotwal kuwa shi ba kowa ba ne sai mijin Santok. Amma bakinsa ya saba riga hankalinsa fitowa.

"Bapu, ranka ya daɗe, wannan ne abin damuwa? Ai tausayi ne kawai ya hana ni. Ba ni kwana bakwai. In ban cika kurkukun nan har ƙofa ta ƙi rufuwa ba, a aske mini gashin baki a tsakiyar kasuwa."

Bapu ya ce to, ya ce a kuma nemi inda za a zuba albasa, ya mayar da idonsa ya rufe.

Odawji ya fara da tarko. Ya ɗauki tulun tagulla wanda Santok ta zo da shi cikin kayan aurenta, ya ajiye a tsakiyar kasuwa, ya laɓe bayan buhunan auduga da sanda a hannu. Har rana ta take babu wanda ya taɓa tulun, barci ya kwashe shi. Da ya farka ya ga babu tulu, ya yi tsalle yana ihu a tare hanyoyi, yau an yi sata a Pilasar. Yana isa gida ya tarar da tulun a bakin ƙofa, wata maƙwabciya ta gane shi ta kawo. Kashegari ya sake ajiyewa, aka sake dawo da shi. Rana ta uku aka dawo da shi a goge fes, cike da tsala, tare da saƙon cewa Santok ta riƙa lura da mijinta, ya fara mantuwa.

Sai ya ji labarin awakin Bijal makiyayi sun shiga gonar wani. Ya kwashi dogaransa biyu har da igiya, suka ruga. Ya tarar da Bijal da mai gonar zaune a tabarma ɗaya suna shan lofe, tantabaru kuma sun kusa cinye hukuncin.

Ran nan ya koma gida ya zauna gaban gurasar gero ya kasa ci. Santok shekara ashirin da biyu ba ta taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda ya dace da matar kirki, amma babu sunan da ba ta raɗa masa ba a zuci. Ta tura masa kwanon man shanu.

"Baban Mani, wanzami ya aiko. Ya ce ya wasa aska, da safe kake so ko da la'asar?"

"Uwar Mani, ke me kika sani a sha'anin mulki?"

"Ban san komai ba. Abin da na sani, garin nan babu mai shiga ɗakin albasarka sai in abinci za a ba shi."

Ita gatse ta yi. Shi kuwa ya ɗauke shi shawara, kafin ya wanke hannu ma ya mai da shawarar tasa.

Washegari aka kwashe albasa, labari ya bi kunnuwa cewa duk mai son hutun mako biyu ya zo, akwai shinkafa da wake da man shanu da mazarƙwaila sau biyu a rana daga rumbun fada, aikin kawai mutum ya zauna ya ɓata rai in Bature ya zo. Lokacin an gama cirar auduga, hannuwa ba aiki. Abin nema ya samu.

Wanda ya fara zuwa shi ne Jatashankar Maharaj, Birahmin, wato limamin gado, mai kula da ƙaramin ɗakin bauta na bayan kasuwa, mutumin da tumbinsa kan riga shi shiga wuri. Ya ce ya amince a ɗaure shi don ceton ƙasa, amma da sharaɗi. Murhunsa daban, ruwansa Birahmin ne zai jawo, kuma a shafe masa ɗaɓe da kashin shanu kowace safiya. Hemchand mai kanti, wanda addininsa ya hana shi cin duk abin da ya tsiro a ƙarƙashin ƙasa, ya leƙa ya toshe hanci, ya ce ba zai kwanta inda albasa ta kwanta ba sai an wanke wurin sau bakwai, kuma abincinsa ya iso kafin rana ta faɗi. Kasam mai matsar mai ya ce shi ba ruwansa da wannan fi'ili, a dai sake shi kowace hantsi ya je ya kora san da ke juya masa turmin matsar mai, da kuma ranar Juma'a. Bijal ya zo da awaki shida, ya ce suna shayarwa, ba zai bar su ba.

Kafin kwana bakwai ɗin nan su cika, mutum ashirin da uku ne a ciki. Murhu huɗu ke ci a tsakar kurkuku, an ja layin toka tsakaninsu, kullum ana rigimar hayaƙin wane ya ƙetara zuwa tukunyar wane. Kotwal ɗin da ɓarayi ke jin sunansa su tuba shi ne mai ɗebo itace. Da ya je shiga tsakani ya taka layin Jatashankar da takalmi, aka zubar da tukunya guda, Maharaj ya ce a sake dafa wata, a kuma ninka man shanu don tsarkakewa. Ga shi kowa da lokacin fitarsa, wannan zai je tatsa, wancan zai je suna, Hemchand zai leƙa kanti. Da suka hana shi barcin rana kwana uku a jere, Odawji ya kira maƙeri ya sa ya ƙera wa kowane fursuna makullinsa. Ya gaya wa masu tambaya cewa haka ake yi a manyan kurkukun Ingila, su ne dai ba su yi yawo ba.

Rana ta bakwai ya bi ta shagon wanzami sau uku yana murza gashin baki.

Saura abu ɗaya, a rubuta laifin kowa a littafin kurkuku. Ya shimfiɗa tabarma ya ɗauki alƙalami, ya ce wa Jatashankar za a sa masa satar saniya. Maharaj ya kama kunnuwansa biyu ya ce Ram Ram, gara a yanke masa harshe. Aka ce wa Hemchand tauye mudu, ya ce 'ya'ya mata uku gare shi a gida, wa zai nemi 'yar mai tauye mudu, kuma ma wa ya gaya wa Kotwal. Kasam ya ce wallahi ko da wasa aka rubuta masa ɓarawo, surukinsa sai ya ji. Kowa ya miƙe yana naɗe bargonsa.

Sai Bijal ya cire lofe daga baki. "Odawji bhai, ni rubuta ni baharwatiya."

A ƙasar nan ɓarawo abin kunya ne har jikoki, amma baharwatiya, wanda aka zalunta ya ɗauki takobi ya shiga daji ya yi wa sarauta bore, shi maroƙa ke wa waƙa, dangi su yi ta tinƙaho da shi. Jatashankar ya warware bargonsa ya ce shi ma tun yana yaro yake jin abin a jininsa. Hemchand, wanda ke share hanya kafin ya taka don kada ya kashe tururuwa, ya ce a sa shi madugu. Aka yi ta musu kan wa ya fi daɗewa a daji.

Odawji ya rubuta, yana rubutawa ƙirjinsa na buɗewa. Ubansa duk tsawon aikinsa ɓarawon kaza ɗaya ya kama. Shi ga shi da 'yan bore ashirin da uku. Da ya ba Santok labari, ta ajiye muciya ta tambaye shi, shi baharwatiya wata nawa ake ɗaure shi. Ya ce mata abin da ya sa ba a ba mata sarautar Kotwal ke nan, tambayar banza ta yi musu yawa.

Ranar da Kolbi Saheb zai zo, tun da hantsi gari ya taru. Mata sun hau soraye, dattawa biyar sun baro ceɗiyarsu, an kawo wa Bapu kujera a inuwa, yana zama ya fara gyangyaɗi. An ɓoye tukwane a bayan katanga, fursunoni sun shafa toka a fuska, an rufe ƙofa da kwaɗo. Jatashankar ya haɗe rai ƙwarai, don an jinkirta masa karin kumallo.

Saheb ya sauka daga keken doki da tafintansa. Ya ƙirga kawuna, ya ƙirga awaki, ya buɗe littafi. Ya karanta shafin farko, ya juya, ya sake komawa baya. Sannan ya sa tafinta ya tambayi wa ya kama su.

Odawji ya matso yana kacau-kacau. Ya ce shi ne, shi kaɗai, don dogaransa ya bar su gadin gari. Ya ce a kwazazzabon gabas ya rutsa su, suna da bindigogi, shi sanda kawai gare shi. Ya nuna Hemchand ya ce wancan sai da suka yi kokawa tun safe har azahar. Hemchand ya gyaɗa kai cikin alfahari. Da ya ga Saheb na rubutawa da sauri, sai ya ƙara da cewa waɗannan ma kaɗan ne, akwai kamar ɗari biyu da suka rage a daji, yana jiran ya huta ne.

Saheb ya rufe littafi. Tafinta ya gyara murya ya isar da hukunci. Na farko, bore ya fi ƙarfin masarauta mai aji na shida, don haka mutanen nan ashirin da uku yau za a sa musu sarƙa a tafi da su bariki, daga can a sa su a jirgi a ƙetarar da su baƙin ruwa, wato teku, zuwa tsibirin ɗaurin rai da rai. Na biyu, ƙasar da 'yan bore ɗari biyu ke yawo a dajinta ba a iya mulkinta ba, za a aiko soja, bariki ta karɓi masarautar baki ɗaya.

An gudu ba a tsira ba.

Jatashankar ne ya fara. A addininsa, wanda ya ƙetara baƙin ruwa ya fita daga asalinsa, ko ya dawo babu mai karɓar ruwa a hannunsa, balle a gayyace shi cin abinci. Ya fashe da kuka, hawaye na wanke toka. "Saheb, ni da ko wuƙar yanka kabewa tsoro take ba ni! Shinkafa aka ce mana, shinkafa!" Ya laluba zaren da ke rataye a kafaɗarsa ya ciro makulli. Bijal ya ciro nasa daga rawani, Kasam daga hula. Kafin Saheb ya gane abin da ake ciki, hannuwa ashirin da uku sun fito ta tsakanin ƙarafa, kowanne da makulli, suna rububin kwaɗo ɗaya.

Ƙofa ta buɗe. Awaki suka fara fita, ɗaya ta bi ta tsakanin ƙafafun tafinta ta zaunar da shi a ƙasa. 'Yan bore suka biyo baya kowa da bargonsa. Madugu Hemchand ya tsaya ya haɗa hannu ya gaida Saheb, ya ce kantinsa na nan kusa in ana bukatar wani abu. Jatashankar ya yi nisa, ya tuna, ya dawo ya zagaya bayan katanga ya ɗauki tukunyarsa. Daga saman soraye dariyar mata ta ɓarke har tantabaru suka yi ƙoƙarin tashi. Wanzami ya kutso gaba yana goga aska a tafin hannu.

Fuskar Saheb ta yi ja kamar gauta. Ya ce an yi wa gwamnati ƙarya a rubuce, kurkuku kuma ga shi nan wayam kamar yadda ya zata, a miƙo makullai. Odawji ya kai hannu ƙugu. Yatsunsa suka ƙi kwance zoben. Makullan ubansa ne da kakansa, kuma duk cika bakinsa, yana son su fiye da yadda zai iya faɗa.

"Tafinta," in ji wata murya daga inuwa. Bapu ne, idanunsa biyu a buɗe, abin da wasu matasan garin ba su taɓa gani ba. "Tambayar mini Saheb, rubuta ƙarya a littafin kurkuku, a dokarsu, ɗaurin wata nawa ne?"

Saheb ya ce wata uku.

"To, wannan kam bai fi ƙarfina ba. Odawji, ka yi ko ba ka yi ba?"

"Na yi, Bapu."

"Wata uku. Shiga." Ya juya ga tafinta. "Ga laifi na gaskiya, ga shaidu gari guda, ga hukunci. Saheb ya duba gurbin nan nasa, ya rubuta ɗaya."

Saheb ya duba gurbin. Ya duba dokar. Ya daɗe yana neman inda aka ce ɗaya bai isa ba, bai samu ba, kuma shi mutum ne da ba ya iya jayayya da gurbin da aka cika. Ya rubuta ɗaya, ya hau keken dokinsa. Wanzami ya nemi a cika masa alkawari, Bapu ya ce Kotwal ya cika kurkuku cikin kwana bakwai kamar yadda ya faɗa, gashin baki ya tsira, ya koma barcinsa.

Da yake babu wani Kotwal, Odawji da kansa ya kai kansa ciki, ya zura hannu ta tsakanin ƙarafa ya datse kwaɗon. Da la'asar Santok ta kawo gurasar gero da tsala a cikin tulun nan na tagulla. Ta tarar ya riga ya tara mutane a taga, yana gaya musu cewa duk abin da suka gani shi ya tsara tun farko, Bapu ma sai da ya koya masa abin da zai ce.

"Uwar Mani, kin dai gani. Shekara goma sha ɗaya mutum ɗaya aka iya kamawa a ƙasar nan, kuma ni na kama shi."

"Na gani, Baban Mani. Ci abinci." Ta zuba masa tsala. "Bapu ya ce in gaya maka ka riƙa share ɗakin da kyau, kada ka bari a mayar da albasa."

"Don me? Wata uku ai kamar gobe ne."

"Ya ce rahoton na shekara-shekara ne."

Shekara goma sha tara Pilasar ta ƙara tana riƙe da shari'arta, kuma duk wanda ya duba rahotanninta zai ga gurbin fursunoni kullum ɗaya ne. Da an gama cirar auduga, sai a ga Kotwal Odawji ya naɗe bargonsa ya nufi kurkuku yana kacau-kacau, yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa zai je ya kamo mutumin da ya fi kowa wuyar kamu a Kathiawar.